Sawun da Ya Tsaya a Bakin Gonar Maigrotte

Ranar Asabar ta biyu a watan Nuwamba, Bérangère Morlot ta shimfiɗa tebur goma sha huɗu a gidan abincinta na kan tudu. Ta jera furanni, ta gasa zabbi, ta haɗa miyar jan inabin nan da mutane ke tasowa tun daga Paris don su lasa. Har ƙarfe ɗaya ta buga ko kyanwa ba ta leƙo ƙofar ba.

Baƙin suna can ƙasa, a bakin tsohon ramin fasa dutse. Motoci tara ne suka kafe cikin taɓo, matan ciki masu dogayen takalma suna ta wanke mazajensu da zagi. Ta goma kuwa zamewa ta yi ta gangara ramin ta kwanta a gefe guda. Wani dattijo ne a ciki shi kaɗai, aka fito da shi da karayar ƙugu.

Hanyar gidan Bérangère ba ta biyuwa da ka. Gonakin inabi ne hagu da dama, ƙananan hanyoyi sun fi ashirin, kowace kamar an tsaga ta daga 'yar'uwarta, wayar hannu kuma in ka tambaye ta sai ta sauke ka a maƙabarta. Shi ya sa aka kafa alluna bakwai masu kibiya. To, da sanyin safiyar ranar wani ya kwance uku daga ciki, ya juya kibiyoyin suka kalli ramin dutse, ya mayar da ƙusoshin ya ɗaure tamau.

Kafin motar asibiti ta bar garin Chaumerey, matan layin gidan burodi sun gama shari'a sun yanke hukunci. Ghislaine Vandamme ce, mai tasi. Shekararta goma sha tara a garin, amma daga can arewacin ƙasar ta zo, don haka har gobe baƙuwa ake ce mata. Da babu alluna, ita ke kwaso masu cin abinci daga tashar jirgi ta kai su tudu. Da aka kafa su, rabin cinikinta ya tafi, kuma ta faɗa a gaban mutum shida cewa wata rana sai ta hura wuta da su. Bakin Ghislaine bai san linzami ba.

* * *

Da la'asar magajin gari, Anselme Ruffey, ya buga ƙofar Firmin Jacotot. Firmin shekara arba'in yana bi wa mafarauta sawun aladun daji, yanzu ya haura saba'in, gwiwa ɗaya ta ƙi shi, matarsa ta rasu, kuma ko tana da rai maganarsa a wuni ba ta cika cokali.

"Baba Firmin, jandarmomi sun ga sawun tayar motarta a gindin allo na farko," in ji Anselme. "Ranar Litinin za su aika takarda a karɓe mata lasin tuƙi. Ka je ka ɗan duba ka sa mana hannu, kada a ce garin bai yi bincike ba."

"In duba, ko in sa hannu?"

"Ai duk ɗaya ne."

"A wurinka."

Anselme ya gyara wuyan rigarsa. Mutum ne da ya fi son a gaishe shi fiye da a gaya masa gaskiya. "Ka san halin da ake ciki. Wani attajiri ya ce in Bérangère ta samu tauraro na biyu a littafin nan da ke yi wa gidajen abinci daraja, zai shimfiɗa mata kwalta daga babban titi har ƙofa. Garin nan zai amfana. Ba ma son maganar nan ta yi tsawo."

Firmin ya ɗauki sandarsa da hularsa. Bai ce zai sa hannu ba, bai ce ba zai sa ba.

* * *

A hanyarsa ta hawa tudu ya tarar da Célestin Morlot, mahaifin Bérangère, yana yi wa kurangun inabin wani maƙwabci aski, yana jefa rassan cikin baron ganga da wuta ke ci a ciki. Shekara hamsin ke nan kullum ƙarfe biyar shi da Firmin suna zama a bencin ƙofar Célestin, kowa da ɗan kofinsa, ba su cika magana ba. Matan garin kan ce auren nan ya fi na kowa daɗewa.

"An tura ka farautar mace?" in ji Célestin, bai ɗago ba.

"An tura ni duba ƙasa."

"Ƙasar da motoci goma da jandarma huɗu suka tattake? Me ya rage maka?"

"Zan gani." Firmin ya nuna da sanda can gangare, inda wata 'yar gona mai katangar dutse take, jajayen ƙyallaye suna kaɗawa a kan turakun da aka kafa a tsakiyarta. "Har yanzu ba ka aske Maigrotte ba?"

Maigrotte ita ce gonar gadon gidan Morlot. Célestin ya rubuta wa 'yarsa ita shekara shida da suka wuce, kuma ta tsakiyarta aka zana sabon titin zai bi.

"Tun da suka kafa turakun nan ban sake taka ta ba. Ai ba tawa ba ce." Ya cusa wani reshe a wuta. "Za ka zo ƙarfe biyar?"

"Yau ina da aiki."

* * *

Ghislaine na wanke motarta a bayan tasha, tana gurzar ta kamar motar ce ta ba da shaida a kanta.

"Ka zo ka auna ƙafata, tsoho? Ga ta. Lamba talatin da takwas."

"Me ya tsayar da ke a gindin allo na farko?"

"Ban tsaya ba."

"Tayar bayanki ta hagu ta sha ƙasa, tana barin sawu kamar haƙorin tsohuwa. Kin tsaya, kin kashe inji, mai ya ɗiga. Kuma ba yau kaɗai ba."

Ta jefa soson cikin bokiti. Ta duba hagu ta duba dama.

"In mijina ya ji, kai ne."

"Ina jin ki."

"Taba nake sha a wurin. Kara biyu kowace safiya, ƙarfe bakwai da rabi. Shekara uku ke nan da na rantse masa na daina, har biki ya yi mini, ya gayyaci 'yan'uwansa." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Na zaɓi in ce da jandarma ban tsaya ba. Ka ga wautata."

"Da kika tsaya yau, ina kibiyar take kallo?"

"Wa ke kallon allo? Ni na san hanya." Muryarta ta sauka. "Baba Firmin, in suka karɓi lasin nan ba ni da wata sana'a. Ba ni da kurangar inabi ko ɗaya a garin nan, ba ni da kawu, ba ni da kabarin kaka. Su kuma sun fi son ya zama ni ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Firmin, don bai iya lallashi ba.

Ya koma gindin allon ya tona da bakin sanda. Guntayen taba sun fi ɗari, an binne su cikin tsari kamar mai shuka wake. Sawun ƙaramin takalminta daga ƙofar mota zuwa wani dutse yake, daga dutsen zuwa ƙofar mota. Bai matsa kusa da turken allon ba ko da taku ɗaya.

* * *

Akwai wanda kuma ya ci riba ranar. Léandre Gauthey, mai ɗan gidan abincin bakin kasuwa, shi baƙin da suka fito daga taɓo suka cika wa ɗaki, mutum ashirin da biyu, kuma abin mamaki kowa ya samu naman sa da miya. Yaushe Léandre ya taɓa samun mutum biyar a rana ɗaya, har da zai dafa na ashirin?

Firmin ya same shi yana goge kofuna yana waƙa.

"Tukunyarka ta yi girma yau, Léandre."

"Albarka ce, Baba Firmin. Ka zauna in zuba maka."

"Wa ya gaya maka za su zo?"

Waƙar ta tsaya. "Kana nufin ni na hau tudu da asuba? Da wannan cikin? Ni da matakalar ɗakina sai na huta sau biyu?"

"Ina nufin tukunya."

Léandre ya leƙa titi, ya rufe ƙofa, ya jawo Firmin har madafa. Ya buɗe wani ƙaton firji. Robobi ne a jere, kowace an manna mata sunan rana, daga Litinin har Lahadi.

"Sau ɗaya nake girki a mako," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ranar Litinin. Sauran kwanaki ɗumame ne. Yau na juye musu na Asabar da na Lahadi da ragowar na Alhamis, na ƙara ruwa da giya. Wata mata mai zoben lu'ulu'u ta ce ba ta taɓa cin girkin ƙauye na gaskiya irinsa ba. Don Allah kada allon ƙofata ya ji, shi da ke cewa sabon girki kullum."

Allon bai ji ba. Sauran garin kuwa tun shekara goma suka sani.

* * *

Bérangère tana zaune ita kaɗai a tsakiyar teburanta, da farar rigar aiki, ba ta kwashe ko cokali ba. Mace ce da ta bar gida tana da sha bakwai, ta sha zagin manyan masu girki a birane har ta zama ɗaya daga cikinsu, ta dawo da tauraro ɗaya da bakin da ba ya murmushi sai ga baƙo.

"Kawu Firmin, ka zo ka ga gawa?"

"Me ya bambanta yau da sauran Asabar?"

Ta nuna wani tebur kusa da taga. "Tebur na shida. Mutum ɗaya, ya kira daga birni, ya ce a ba shi kusa da taga, ya tambayi abin da za a dafa dalla-dalla. Wa ke zuwa nan shi kaɗai in ba mai ɗanɗanon littafin taurari ba? Ba sa faɗin sunansu na gaskiya, amma mun san alamarsu."

"Wa kika gaya wa?"

"Ma'aikatana. Da Papa, ranar Alhamis, da na kai masa miya. Da mai gidan burodi, don ya gasa mini na musamman."

"Wato duk gari."

"Duk gari." Ta murza idonta da bayan hannu. "Shekara tara nake jiran teburin nan. Shi ne ya faɗa rami."

* * *

Lahadi da hantsi Firmin ya fita. Bai ɓata lokaci a gindin allunan ba, don can an tattake kamar filin rawa. Ya yi yadda yake yi wa alade, ya zaga da nisa, da'ira bayan da'ira, har ya yanki sawun da ya fita daga hayaniyar shi kaɗai. A bayan allo na uku ya same shi. Takalmin roba ne, lamba arba'in da uku, irin wanda shagon manoma ke sayar wa rabin mazan garin. Bai bi hanya ba, ya kutsa tsakanin layukan inabi ya gangara.

Firmin ya bi shi a hankali, gwiwa tana ƙara. Sawun ya ratsa gonar Anselme, ya tsallaka wata 'yar hanya ya zubar da gudajin laka a kanta. Ya ratsa ta biyu, da ta uku, da ta huɗu, ko'ina haka, laka na manne wa takalmin tana faɗuwa inda ta ga dama. Mutumin sauri yake yi, takunsa dogo, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Sai a ƙofar katangar Maigrotte ta sama.

Nan sawun dama ya nutse sosai, kamar na wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kusa da shi na hagu ma ya nutse. A gefen katangar, ta waje, ga ɗan tulin laka mai ruwan toka, kowane gudaji da shatin wuƙa a jikinsa.

Firmin ya daɗe yana kallon tulin. Sannan ya shiga, ya bi sawun ta tsakanin jajayen ƙyallayen har ƙofar ƙasa, inda gonar ta haɗu da kwalta. Can ma haka, dama ta nutse, hagu ta nutse. Sai dai wannan karon babu tuli a waje. Gudajin jar ƙasa ne, an watsa su ciki, a gindin kurangar farko.

Ƙasar Maigrotte ja ce, kaurinta bai wuce tafin hannu ba, ƙarƙashinta dutse. Tsofaffin gidan Morlot, in ruwan sama ya wanke ta zuwa gangare, a kwando suke kwasowa su hau da ita a baya su mayar. Ba a fita da ita a takalmi, ba a kuma shigo mata da ta wasu. Mai gudu daga laifi, gari na wayewa, ya ratsa gonaki huɗu bai damu ba, amma a nan ya tsaya sau biyu ya zaro wuƙa. Hannunsa ne ya yi, kansa bai ma sani ba.

Firmin ya zauna a kan katangar. Da alade ne, da yanzu murna yake. Ya sa ƙafa zai shafe sawun, ya daɗe riƙe da ita a sama, sannan ya sauke ta a gefe.

* * *

Ƙarfe huɗu Anselme ya tara su a ɗakin cin abincin Bérangère, da takarda da biro a gabansa. Ghislaine ta zauna kusa da ƙofa da jakarta a cinya. Léandre ya zaɓi kujerar da ta fi laushi. Célestin yana can kusurwa, hula a gwiwa, an kira shi ne a matsayin uban mai gida. Bérangère a tsaye take.

"To, Baba Firmin, a taƙaice," in ji Anselme. "Sawun tayar nata ne?"

"Nata ne."

"Shi ke nan." Ya turo takardar.

"Ba ta taɓa allon ba. Dalilin tsayawarta nata ne, na gani, ya ishe ni."

"To wa? Léandre?"

"Ni da cikina muna gida," in ji Léandre. "Ku tambayi cikin."

Firmin bai kalli kowa ba. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, tun daga bayan allo na uku, gona bayan gona, da lakar da ta zuba a hanyoyi. Ya faɗi tulin toka a ƙofar sama ta Maigrotte, da jar ƙasar da aka mayar ciki a ƙofar ƙasa. Bai ambaci sunan kowa ba.

Babu haifaffen Chaumerey da bai gane ba. Léandre ya fara nazarin farcensa. Anselme ya mayar wa biro murfinsa. Ghislaine kaɗai ke raba ido.

"Me ake nufi? Wani ya goge takalmi, sai me?"

"Kowa na iya kankare takalmi," in ji Léandre, murya a sanyaye.

"Gaskiya ne," Anselme ya cafe. "Laka ba shaida ba ce. Mu yi magana ta hankali. Ghislaine, in ma an karɓi lasin, wata shida ne, ba har abada ba. Garin zai duba ki. Ba sai an tayar da wani gida mai shekara ɗari uku a nan ba."

"Wane gida?" Ta miƙe. "Au, kun san shi? Kun san shi, ni za ku miƙa?"

Firmin ya juya ya dubi kusurwa. Ya jira. Ya ba shi lokacin da mutum zai sha kofi guda. Célestin yana juya hularsa a gwiwa, idonsa a kan taga, bakinsa a rufe. Da ya buɗe shi da kansa, da labarin nan ya fi haka daɗin ji.

"Célestin," in ji Firmin. "Ka ce mini ba ka taka ta ba tun da aka kafa turaku. Jiya da safe ka taka ta."

"Baba Firmin, ka tsufa, idonka..." Anselme ya fara.

"Idonsa lafiya lau," in ji Célestin. "Ya fi bakinka lafiya."

Bérangère ta dafa bayan kujera. "Papa?"

"Kin ce in mai ɗanɗanon nan ya ci ya ji daɗi za a ba ki tauraro. In aka ba ki, a kawo katafila." Bai ɗaga murya ba. "Na ce to kada ya iso. Ya ɓata, ya yi fushi, ya koma birninsu. Ban yi zaton wani zai faɗa rami ba, na ɗauka za su ga taɓo su juya. Kakana ya hau da ƙasar nan a bayansa har ƙashinsa ya lanƙwashe. Ni na ba ki ita don ki ci, ban ba ki don 'yan birni su ajiye motoci a kanta ba."

"Ka tambaye ni? Sau ɗaya ka buɗe baki ka ce kada in yi?"

"Da kin ji?"

Ta zaro wata 'yar takarda daga aljihun rigarta ta ajiye a tebur.

"Na je asibiti da safe. Mutumin tebur na shida likitan haƙori ne da ya yi ritaya. Ba ya rubuta komai a littafin kowa. Bara ya kawo matarsa nan, ta ce zabon ya yi mata daɗi, ta rasu a watan Yuni. Jiya ranar aurensu ce. Likitoci sun ce da wuya ya sake tafiya babu sanda." Ta juya ta dubi mahaifinta. "Attajirin kuma ya kira ni. Ya ce tunda hanyar har tana karya mutane, ba sai an jira tauraro ba. A watan Janairu za a fara."

Célestin ya sa hularsa. Ya tashi ya bi ta tsakanin teburan a hankali, yana kaucewa kada ya taɓa farin ƙyallen ko ɗaya, ya fita.

Anselme ya ninke takardarsa huɗu. "Ka kyauta, Baba Firmin," ya ce, da irin muryar da ake cewa Allah ya isa.

* * *

Litinin da safe jandarmomi suka ce Célestin ya zo ofishinsu na birni ya ba da bayani. Ba shi da mota, 'yarsa ta kulle kanta a madafa, maƙwabta kuma kowa motarsa ta wayi gari da ciwo. Ghislaine ce ta tsaya a ƙofarsa ƙarfe takwas, da lasinta a aljihu, ta buɗe masa ƙofar baya.

Firmin yana tsaye a bakin titi da sandarsa. A layin burodi da safen nan mutum uku sun juya masa ƙeya, mai burodin ya miƙo masa nasa bai dube shi ba. Ghislaine ta sauke gilashi.

"Ban san ko in gode maka ba, tsoho. In titin nan ya miƙe har ƙofa, wa zai sake neman tasi?"

"Ba sai kin gode ba."

Ya matsa wajen tagar baya. Célestin na zaune da rigarsa ta zuwa coci, hannuwa a cinya.

"In raka ka?"

"Ka raka ni isasshe jiya." Célestin ya dube shi, karo na farko tun Asabar. "Kai kaɗai ka gani, Firmin. Ƙafa ɗaya za ka sa ka shafe."

"Na ɗaga ta."

"Sai me?"

"Sai na sauke."

Célestin ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa farashin taki. Ya taɓa kafaɗar kujerar gaba.

"Madam, mu tafi. Ki bi ta hanyar ƙasa, kada ki bi ta gaban gonar."